Kyamara a Tsakar Gida

(Kiɗan buɗe shiri, ya ɗan ja, sannan ya lafa)

 Yau hirar tamu a kan fim ce, amma ba irin wanda kuka saba gani na soyayya da rawa ba. Fim ne na gaskiya, babu ɗan wasa a ciki, babu wanda aka rubuta wa abin da zai faɗa. A cikin irinsa ma reshe guda za mu kama: wanda mutum yake ɗaukar kyamara ya juya ta ga gidansu, ga uwarsa da ubansa da kakanninsa, yana neman sanin abin da ya faru kafin a haife shi. Ba sai mun yi nisa neman misali ba, don 'yan uwanmu na Nijar sun riga sun share hanya.

Mu fara daga Galmi. Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni ta nufi Madawa ya ratsa garin. In kuwa bai taɓa bi ba, to wataƙila ya ci albasarsa, don albasar Galmi ta kai kasuwannin Akara da Abijan. A nan aka haifi Sani Elhaji Magori a 1971. Ilmin aikin gona ya karanta a Aljeriya, ya taɓa aikin jarida, daga baya ya tafi Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis a Senegal ya koyi shirya fim. Aikinsa da ya fara fitar da sunansa, a 2008, a kan albasar garinsu ne, da yadda auren wata yarinya ya rataya a kan abin da gona za ta bayar da farashin da za a tarar a kasuwa. Amma wanda ya kawo mu yau shi ne na bayansa, na 2010, mai suna Kukan Kurciya. Ragowar karin maganar na bar muku, kun san ta.

Ga yadda abin yake. Mahaifin Sani ya tafi ci-rani Abijan, kamar ɗimbin mazan yankin, ya zauna shekara da shekaru bai komo ba. Abin da ya fitar da mazan nan kuwa ba fari kaɗai ba ne, ba neman kuɗin haraji ko na aure kaɗai ba. Akwai wata zabiya, Husai, wadda a zamanin da take tashe waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su tashi su nufi bakin teku su nemo. Kun dai san aikin zabiya a dandali. In ta ɗaga wanda ya tafi ya dawo da keke da rediyo, a gaban 'yan mata, wanda ya zauna gida ba zai runtsa ba a daren nan. Zamanin ma ya taimaka mata: farin 1973 da 1974 ya cinye dabbobi da hatsi, ita kuwa Kodebuwa ta Houphouët-Boigny koko da kofi suna kuɗi, ƙofarta a buɗe ga baƙi. Sai Sani ya je ya sami zabiyar, ta riga ta tsufa, ya roƙe ta ta bi shi har Abijan, don muryar da ta fitar da su ta je ta kira su gida. Ta yarda. Fim ɗin shi ne wannan doguwar tafiya, ɗa da tsohuwar zabiya da kyamara, zuwa wurin uba.

To me ya sa bai je shi kaɗai ba? Uban nan nasa ne. Me zai hana ya durƙusa gabansa ya ce, Baba, me ya zaunar da kai, ka zo mu koma? A ganina duk Bahaushen da ke saurarona ya san amsa. Ba a yi. Ɗa ba ya titsiye ubansa. Ya gaishe shi, ya sunkuyar da kai, ya amsa tambayar da aka yi masa game da mutanen gida, shi ke nan hira ta ƙare. Dole a nemi wani baki, wanda al'ada ta ba shi izinin faɗin abin da ɗa ba zai iya faɗa ba. Zabiya tana da wannan izini, tana iya gaya wa basarake magana a cikin waƙa ta kwana lafiya. Kyamarar ma wani izinin ce. Tana ba ɗa dalilin zama a wurin da a da za a ce masa ya tashi, manya na magana.

Mu dubi gidajenmu mana. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wata ko hira ba ta yi da shi a gaban mutane. Mace ba ta faɗin sunan mijinta. Uba yana zaure, 'ya'ya suna cikin gida. Ban ce kunya aibi ce ba, Allah ya kiyaye, ita ta riƙe mana ladabin da ya rage. Amma akwai abin da take ci mana. Mutum ya kai shekara arba'in bai san yadda aka yi uwarsa ta auri ubansa ba, bai san ko ta taɓa wani aure kafin nan ba, bai san 'ya'ya nawa ta binne kafin shi ba. Sai ranar zaman makoki, ana kan tabarma, wata gwaggo ta saki magana, kowa ya ɗago kai yana kallon kowa, alhali wadda za a tambaya an riga an kai ta.

Sai dai al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta bar wata a buɗe, ita ce wasan jika da kaka. Jika namiji mijin kakarsa ne, ta ce masa maigida, ya ce mata ta tsufa zai yi mata kishiya. Jika mace kuma matar kakanta ce. Tsakaninsu babu wannan nauyi. Shi ya sa nake cewa yaro ɗan shekara goma sha bakwai mai waya a hannu ya fi ubansa mai digiri damar ɗauko tarihin gidan. Shi ne zai ce, ke tsohuwa, wai da gaske ne kin taɓa yi wa Malam yaji har aka yi wata ana biko? Ta kai masa duka da mafici, ta zage shi zagin wasa, sannan ta gyara zama ta ba da labarin da ɗanta na cikinta bai taɓa ji ba.

(Kiɗa kaɗan)

Ci-ranin nan na bakin teku an taɓa ɗaukarsa a fim tun kafin a haifi Sani Magori. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004 aka binne shi a Yamai, ya fara ɗaukar fim ɗinsa Jaguar a 1954, yana bin samari uku 'yan Nijar zuwa ƙasar da ake kira Gana yau, har Kumasi da Akara. A 1958 kuma ya fitar da Moi, un Noir, a unguwar Treichville ta Abijan, jigonsa Umaru Ganda, ɗan dako a tashar jirgin ruwa, tsohon soja da ya yi wa Faransa yaƙi a Indosin. Rouch ya bar samarin sun yi bayanin hotunan da bakinsu, kuma wannan abin a yaba masa ne. Amma baƙo ne ke riƙe da kyamara, shi kuwa baƙo wanda ya tafi yake bi. Matar da aka bari, da uwar da ke ƙirga damuna, da yaran da ke jiran saƙo, labarinsu sai da ɗaya daga cikin yaran ya girma ya ɗauki kyamarar da kansa. Umaru Ganda ma bai tsaya a gaban kyamarar wani ba. Ya karɓe ta, ya yi Cabascabo a kan komowar tsohon soja gida, wanda kusan labarin kansa ne, kuma Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO na Wagadugu a 1972, da wani fim ɗinsa na daban.

Daga Galmi mu nufi gabas, Damagaram. A can aka haifi Aicha Macky a 1982. Ta karanta ilmin zamantakewa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ita ma ta je Saint-Louis ta koyi fim. Tana da shekara 5 mahaifiyarta ta rasu wurin haihuwa. Ita kuma ta girma ta yi aure, haihuwa ba ta zo ba. A 2016 ta fitar da fim mai minti 52, L'Arbre sans fruit, wato bishiyar da ba ta 'ya'ya. A cikinsa da mahaifiyarta marigayiya take magana, tana kai mata ƙara, uwar da haihuwa ta ɗauke da 'yar da rashin haihuwa ke ci. Tana kuma zama da wasu mata masu irin halinta, suna faɗin abin da suke sha a gidan miji da wurin dangi. Mun dai san yadda ake yi a wurinmu: in shiru ya yi yawa, matar ake kallo, da wuya a ce maigida ya je a auna shi. A shekarar nan fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim na gaskiya a bikin fina-finan Afirka na AMAA da aka yi a Fatakwal.

Wani zai ce, ina ruwan rashin haihuwa da tarihin iyali? Ai nan ne ma maganar take. Ku saurari yadda muke jero salsala: wane ɗan wane, ɗan wane, ɗan wane. Maza zalla. Mace tana samun shiga ne in ta haifi wani da aka sani. Wadda ba ta haihu ba kuwa, a ce mata juya tana raye, in ta rasu sunanta ya bi ta. Alhali a gidaje da yawa ita ce ta riƙi 'ya'yan wasu, ita ce ta yi zaman jego a kowane ɗaki, ita ce ta san wanda ya sha nonon wane, saboda haka ba aure tsakaninsu.

Akwai shaida a kan wannan. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, sai riƙon 'ya'yan dangi. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita kimanin mako shida tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta gan shi ba. A ciki akwai asalin gidansu na Barebari, akwai rinji da bayi, akwai yadda mahara suke kame mutane a je a fanso su, akwai zuwan Turawa, da aure da kishi da ƙawance da bori. Yau duk mai son sanin yadda macen ƙauye ta rayu a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa, wurin Baba yake zuwa. Matar da salsala ba za ta ambata ba, ita ta riƙe tarihin gidan duka, da na ƙasar.

Amma ku lura, kalmomin Baba muke da su, ba mu da muryarta. Ba mu san inda ta yi dariya ba, ba mu san inda ta yi shiru ta kau da kai ba, kuma sau da yawa a wurin tsoho shirun nan ya fi maganar nauyi. Wannan shi ne abin da kyamara take ƙarawa a kan takarda. Tana kama karin harshe, irin Hausar da jikoki ba sa yi. Tana kama hannu, yadda ake kaɗi, yadda ake naɗa rawani. Tana kama fuska, ita kuwa fuskar tsofaffinmu rubutu ce. Masu ɗauke da tsagar Gobirawa da ta Barebari da ta Zamfarawa suna ƙarewa, yara yanzu da wuya a yi musu. Nan gaba kaɗan, wanda ke son ganin tsagar gidansu sai dai in wani ya ɗauka ya ajiye.

Akwai kuma Amina Weira, 'yar Arlit, arewa da Agadas, garin da yuraniyom ya kafa. An fara fitar da shi a can a 1971, ramin ƙarƙashin ƙasa na Akokan kuma ya yi aiki daga 1978 har aka rufe shi a 2021. Mahaifinta ya yi aikin ma'adinai har ya yi ritaya. A fim ɗinta na 2016, La Colère dans le vent, shi ne jagoranta cikin gari, da tsofaffin abokan aikinsa, ana zancen ciwo, da ƙurar da iska ke kwasowa, da ƙarafan da suka fito daga ma'adinai suka shiga hannun maƙera. Ta shiga da tambayar 'ya ga ubanta, ta fito da labarin da ya kai har tashoshin lantarkin Faransa.

Kada mai sauraro ya ce ai su gidajensu ne ke da labari. Naku ma haka yake. Wani kakansa yana cikin rundunoni na 81 da na 82 na sojan Afirka ta Yamma da aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu. Wani danginsa sun tafi aikin Hajji a ƙasa, suka tsaya Sudan tsinkar auduga a Jazira don neman guzuri, guzurin ya zama zama. Wasu sun bi Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka wuce gabas, zuriyarsu tana Mai Wurno ta Sudan har yau. Wani kuma a zangon Kumasi aka haifi uwarsa, tana cikin waɗanda gwamnatin Busia ta ba mako biyu su bar Gana a ƙarshen 1969, suka dawo garin da ba su taɓa gani ba ana ce musu gida ne. Littafin makaranta ya kawo shekarun, bai kawo sunan kakanka ba, amma kakan naka yana wurin.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu bari mu zo inda gizo ke saƙa. Mun saba da mai bidiyo a wurin biki, kowa ya ci ado, maroƙi na zuba kirari, ana liƙi. Fim ɗin tarihin gida ba haka yake ba, kuma wanda ya shiga da niyyar yabo kaɗai zai fito da bidiyon biki marar amarya. In ka tambayi dattijo asalinku, amsar farko sananniya ce: daga Gabas muka zo, ko kakanmu babban malami ne, ko mu jinin sarauta ne aka yi rikici muka taso. Da wuya ka ji gidan da ya ce mu kamo kakarmu aka yi. Alhali a ƙarni na 19 bayi suna da ɗimbin yawa a ƙasashen nan, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya ba sai 1936, Nijar kuwa a 2003 ta sa ta cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Jikokin mutanen nan ba sama suka tashi ba. Suna cikinmu, mu ne. Haka zancen maguzanci, da bori, da sana'o'in da wasu ke rainawa suna ɓoyewa in sun yi arziki, irin su fawa da jima da roƙo.

Mai ɗaukar fim zai ci karo da irin wannan, kuma shawarata ita ce kada ka ƙaryata dattijo a gaban kyamara, rashin ladabi ne, kuma daga ranar bakinsa ya rufe. Ka ɗauki abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Sannan ka je wurin wani ka sake tambaya, musamman ɓangaren mata. In gwaggo ta ce kaza, kawu ya ce sam ba haka aka yi ba, ka bar maganar su biyun a ciki. Ba alƙali aka naɗa ka ba.

Wata 'yar Kanada, Sarah Polley, ta gina fim guda a kan wannan saɓani, Stories We Tell, a 2012. Mahaifiyarta ta rasu a 1990, lokacin Sarah tana da shekara 11. Sai ta zaunar da uban da ya raine ta, da yayyenta, da abokan uwar, kowa ya ba da labarin matar yadda ya san ta, labaran suna karo da juna, ita kuma ba ta zaɓi ɗaya ta ce shi ne gaskiya ba. Dabarar abin koyi ce. Amma abin da ta buɗe wa duniya a ciki, cewa wanda ya raine ta ba shi ya haife ta ba, nan ni da ita muka raba hanya. A wurinmu irin wannan magana ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana taɓa gado, tana taɓa aure, tana taɓa yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Aicha Macky ciwon kanta ta buɗe, tana da iko da shi. Asirin wani kuwa amana ce a hannunka.

Saboda haka kafin ka kunna komai, ka gaya wa tsohuwa wa zai ga abin nan, 'yan gida ne kawai ko duniya ce. In an gama haɗawa, ita za a fara nuna wa. In ta ce a cire wani wuri, a cire, ko da shi ne wurin da ya fi daɗi. Kuma don Allah, yara, kada a yanko inda kaka ta yi kuka ko ta yi ɓarin baki a ɗora a TikTok don a samu masu dariya. A gidan da ake kulle, ko ba a son hoto, akwai hanya: mace ta ɗauki mace, a nemi izinin maigida tun da wuri, in an ƙi fuska a ɗauki murya da hannuwa kaɗai. Muryar ma dukiya ce.

Kayan aiki fa? Wayar da ke aljihunka ta isa. Abin da ya fi kashe irin wannan aiki ba rashin kyan hoto ba ne, rashin jin magana ne. Hoto mai duhu ana haƙuri da shi, amma in janareta na ruri, ana daka a maƙwabta, awaki na kuka, to ka yi aikin banza. Ka zaɓi hantsi ko bayan la'asar, ka matso kusa, in da hali ka ajiye waya ta biyu kusa da bakin mai magana tana naɗar sauti. Ka kwantar da wayar a kaikaice, ka jingine ta da wani abu kada hannu ya riƙa rawa. Haske ya kasance a fuskarsa, ba a bayansa ba. Kai kuma ka zauna ƙasa, kada ka tsaya a kan dattijo kamar ɗan sanda. Da farko ka faɗi ranar da shekarar da garin, ka sa shi ya faɗi sunansa da na iyayensa, har da na uwa da na uwar uwa.

Wajen tambaya kuwa, kada ka ce a wace shekara aka haife ka, don amsar ita ce Allah masani. Tsofaffinmu da abin da ya faru suke ƙirga. Ka ce, lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna kana ina? Wannan 1956 ke nan. Lokacin da aka kashe Sardauna an yi miki aure? Janairun 1966. Da aka canza hannun tuƙi, 1972, ko da aka bar fam da sule aka koma naira, 1973, wa kike goyo? A Nijar ka ce, da Kunce ya hau, Afrilun 1974, kuna wane gari? Da irin wannan za ka gina shekarun gidanku da kanka daga baya.

Ka kuma sa a fito da kaya. Tsohuwar adaka, kwanon jere da ya rage, allon da ya yi baƙi, takardar haraji, fasfon aikin Hajji, hoton da aka ɗauka a shagon mai hoto ana dafe da fure. A wasu gidaje har yanzu akwai kaset ɗin da 'yan ci-rani suke naɗar gaisuwa su aiko, tun kafin zuwan wayar hannu. In kun sami irinsa, ku nemi rikoda ku kunna a gaban mai shi, kyamara tana kallon fuskarsa. Abu a hannu yana buɗe bakin da tambaya ta kasa buɗewa. In ya yi shiru, ka bar shi, kada ka yi gaggawar cike gurbin. Kuma zama ɗaya ba ya isa. Hira da tsoho kamar rijiyar da aka daɗe ba a ja ba ce, gugan farko ganye da ƙura yake ɗebowa. Ran farko abin da ya saba faɗa wa kowa zai ba ka. Sai ka dawo, ka sake dawowa.

Saura ajiya, kuma nan ne muka fi rauni, ba talakawa kaɗai ba. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin uwar da ta bi sawun ɗanta har hamada, an daɗe ana ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. In fim ɗin da aka kashe wa dukiya ya yi shekaru ba a san inda yake ba, ina ga hirar kakarka da ke cikin memorin waya, wayar da za a iya sacewa a tasha gobe? Ranar da ka ɗauka, ranar za ka kwafa. Kwafi ɗaya a kwamfuta ko filasha, ɗaya a wurin ɗan uwa a wani gari, ɗaya a ma'ajiyar intanet in kana da hali. Kada ka dogara da wanda ka tura ta WhatsApp, don yana rage ingancin hoto. Kowane fayil ka sa masa suna: wane ne, a ina, yaushe. Ka ajiye hirar cikakkiya yadda aka ɗauke ta, ba wadda ka yanke ka haɗa kaɗai ba, don abin da ka ga ba shi da amfani yau, wani jika shi zai zo nema. Bayan 'yan shekaru kuma ka sake kwafewa a sabuwar na'ura, kamar yadda masu kaset da faifan bidiyo ya kamata su yi tun yanzu, kafin na'urorin kunna su su ƙare a kasuwa.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu, lokaci ya cimma mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)